Yawo da wuƙar aljihu mai ninkewa, akwai amfani ko kayan tsofaffi ne?

"Assalamu alaikum Malam. Dan Allah ina da tambaya. Ni ɗalibi ne a birni amma duk ƙarshen mako ina tafiya ƙauye gonar mahaifina, ina kuma taya shi kula da awaki. Kwanaki na tsinci wata tsohuwar wuƙa mai ninkewa a cikin kayan kakana marigayi, irin wadda sai ka sa hannu biyu ka jawo bakinta, an rubuta Okapi a jikinta. Ina so in riƙa yawo da ita amma abokaina sun ce wannan ta tsofaffi ce, gara in sayi wadda ake danna maɓalli ta fito da kanta, wai ita ce mai amfani ko don masu ƙwacen waya. Shin da gaske akwai amfanin riƙe irin ta kakana? Kuma ba zan shiga matsala da 'yan sanda ba?"

Wa'alaikumus salam ƙanena, Allah ya jiƙan kakanka ya sa ya huta. Tambayarka in na fahimce ta da kyau guda uku ce a dunƙule: ko wuƙar aljihu tana da wani aiki da za ta yi maka a rayuwar yau, ko ta da ɗin ta fi ta zamani mai maɓalli, sai kuma maganar hukuma da ta kare kai. Zan amsa maka duka amma ka yi haƙuri zan ɗan ja, don abu ne da na daɗe a cikinsa. Ni gidanmu maƙera ne, tun ina yaro nake zaune gaban zugazugi ina kallon yadda ake fitar da ruwan wuƙa daga ƙarfe, daga baya na koma harkar lambu da auren itatuwa, kuma sama da shekara ashirin kenan da wuya ka tare ni a hanyar lambu ba wuƙa a aljihuna.

Amsar a taƙaice ita ce eh, akwai amfani sosai, kuma ga mutum irinka mai zuwa gona da kiwo ta kakanka ta fi wadda abokanka ke faɗa nesa ba kusa ba. Amma fa amfanin nata na aiki ne. In don faɗa ko kare kai za ka ɗauka to ka mayar da ita inda ka tsince ta, zan zo kan dalili.

Abin da ke hannunka

Ka fara sanin abin da ka tsinta. Okapi a garin Solingen na Jamus aka fara ƙera ta a 1902, kuma tun asali don kasuwar Afirka aka yi ta, don a kai ƙasashen da Jamus ke mulka a lokacin. Sunan ma na wata dabba ce ta dajin Kwango, 'yar uwar raƙumin dawa. A 1988 aka kwashe injinan aka mayar da aikin Afirka ta Kudu, har yau can ake yin ta. To ka duba gindin ruwan wuƙar daidai inda ya haɗu da ƙota, in ka goge tsatsar za ka iya ganin ƙasar da aka rubuta, in Jamus ce to wuƙar nan ta girme ka kuma ka riƙe ta da kyau.

Ita wuƙa mai ninkewa ba sabon abu ba ne a duniya, an tono wata a Hallstatt cikin ƙasar Ostiriya da aka ƙiyasta an yi ta shekara 500 zuwa 600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Rumawa ma sun yi amfani da irinta. Mu a ƙasar Hausa wuƙarmu ta gado ta kube ce, maƙeri ya ƙera, baduku ya ɗinka mata kube, a soke a ƙugu ko a ɗaura a damtse kamar yadda Buzaye da makiyaya ke yi har gobe. Mai ninkewa ta shigo ne ta hannun kantunan Turawa da fatake, ta kuma samu karɓuwa don ƙotarta ita ce kubenta, ka ninke ka jefa aljihu shikenan, ba ta yaga riga ba ta tsorata kowa.

'Yan uwanmu na Nijar su kuma wataƙila sun fi sanin Douk-Douk, wadda kamfanin Cognet ke yi a garin Thiers na Faransa tun 1929. Ita don tsibiran Melanesiya da ke tekun Fasifik aka yi ta, shi ya sa aka zana wani dodonsu a ƙotar, amma can ba ta yi kasuwa ba sai a ƙasashen Afirka da Faransa ta mulka ta samu shiga. Da suka ga Musulmi ba sa son hoton dodon sai suka fitar da wata suka sa mata suna El Baraka, suka zana mata tambarin nan na Agadas da maƙeran Buzaye ke yi da azurfa. Wuƙar nan gaba ɗayanta ƙarfe ne guda shida kacal, falle ɗaya aka lanƙwasa ya zama ƙota, ni dai ban taɓa riƙe abin da ya kai ta sauƙin gini ba kuma ga ci.

Sai Opinel, ita ma ta Faransa, wadda Joseph Opinel ya fara a 1890 a yankin Savoie, ƙotar itace, ana ba su lamba gwargwadon girma, lamba 8 ita ce aka fi saye, ruwanta santimita 8.5 ne kuma nauyinta bai kai giram 50 ba. Ita ce a aljihuna yanzu haka. Akwai Victorinox ta Suwizalan mai jar ƙota da Karl Elsener ya kafa a 1884, wadda ke ɗauke da almakashi da sukundireba da mabuɗin gwangwani, akwai Case ta Amurka tun 1889. Duk waɗannan dangi ɗaya ne, abin da ya haɗa su shi ne hannunka ne ke buɗewa, ba wani sifirin da ke harbo ruwan waje.

Inda suka bambanta shi ne abin da ke riƙe ruwan in an buɗe. Wasu matsewar ƙota ce kawai ke riƙewa, haka Opinel take tun farko kafin a ƙara mata zoben da ake murzawa ya kulle a 1955. Wasu sifirin ne a bayan ƙotar yake danne gindin ruwan, in ka tura da ƙarfi zai rufe, haka Douk-Douk da yawancin Victorinox suke. Wasu kuma makulli ne sosai, sai ka saki kafin ta rufu. Okapi ana yin ta iri biyu, in ka ga wani zobe a bayanta kamar na makullin gida to mai kullewa ce, zoben za ka ja sama sannan ta rufu, kuma in kana buɗe ta za ka ji tana ƙara kar-kar-kar. In ba zobe to sifirin ne kawai. Ka san wacce ce taka tun kafin ka fara aiki da ita, don yatsunka ne a hanya.

Aikin da take yi a rana

Mutane da yawa in an ce wuƙa sai hankalinsu ya tafi kan jini, alhali in ka lissafa abin da mai gona ke yanka a yini, igiya ce da leda da ɗinkin buhu da kara da abinci. Ka je sayen taki ko iri an ɗinke bakin buhun, wanda ba shi da wuƙa sai ya kama ja da haƙori ko ya nemi dutse yana daddatsa zaren har ya huda buhun taki ya zube. Tiyon ban ruwa ya fashe a tsakiya kana so ka datse wurin ka haɗa, da wuƙa mai kaifi minti ɗaya ne kuma bakin zai fita daidai ba zai yi yoyo ba. Ka sari rake, ka fere lemo, ka yanka kankana ko gwanda a raba wa 'yan aiki, ka ɓare rogo, ka gyara asuwaki, ka feƙe wa yaro fensir ko alƙalamin allo, ka sassaƙa ɗan turke, ka cire ƙaya daga takalmi. Ba wanda ya kai a ba da labari a cikinsu, amma ka tara su a wata guda ka gani.

Kuma abin da mutane ke amfani da shi a madadinta shi ne ya fi damuna, wato reza. Reza tsirara a aljihu ko a bayan waya ko a baki, wallahi na ga raunin reza a yatsun 'yan lambu ya fi na wuƙa yawa, don ba ta da mariƙi, tana lanƙwashewa, tana karyewa, in an gama kuma a yar a ƙasa yaro ya taka ko akuya ta haɗa da dusa. Haƙori ma haka, mutum ya riƙa tsinka igiyar nailan da haƙori shekara da shekaru sannan ya zo yana kukan ciwon haƙori.

Tunda ka ce kana kula da awaki bari in ba ka abin da ya faru a gabana. Wata rana da rana tsaka muna aiki sai muka ji kukan akuya wani iri, an yi mata talala kusa da wani kututture ta yi ta zagaye har igiyar ta naɗe ta shaƙe ta, ƙullin ya ɗaure tam saboda jan da take yi, harshe ya fito. Yaron da ke wurin yana ta kokawa da ƙullin da farce, ba zai taɓa kwancewa ba. Na zura yatsu biyu tsakanin igiyar da wuyanta, na sa wuƙar kaifin yana kallon waje, ja ɗaya ta tsinke. Da sai an ruga gida ɗauko wuƙa da mushe za a tarar. Makiyaya sun san wannan, shi ya sa ba sa fita ba wuƙa, don dabba in ta faɗi tana shure-shure ko ta ci wani abu cikinta ya kumbura aka ga ba za ta tashi ba, wuƙar da ke jikinka ita ce za ta sa a ci naman maimakon a jefar. Sai dai ka ji da kyau, wuƙa mai santimita 8 ta isa kaza da zabo, akuya ma in lalura ta kama kuma wuƙar na da kaifi sosai, amma ba wuƙar yankan rago ko sa ba ce, kar ka azabtar da dabba. Hadisin nan da Muslim ya ruwaito daga Shaddad ɗan Aus ya umarce mu da kyautata yanka, mutum ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. Layya da suna a nemo babbar wuƙar mahauta.

Inda ni na fi ganin darajarta shi ne wurin auren itace. In za ka aura mangwaro ko lemo, kana yanko ɗan reshe daga itacen da kake son irinsa ka haɗa shi da ƙaramin dashen da ka yi rainonsa, kuma duk sirrin abin yana ga wani ɗan kore-kore mai laushi da ke ƙarƙashin ɓawo, dole na reshen da na uwar su haɗu su manne. Yankan sai ya zama shara ɗaya, sumul kamar an goge, in wuƙar ta dakushe ko ruwanta ya yi kauri sai ta murƙushe wurin maimakon ta yanka, ka ɗaure da leda ka jira sati uku ka zo ka tarar ya bushe. Na koya wa matasa da yawa wannan aikin, kuma kusan duk wanda aurensa ke yawan mutuwa in na karɓi wuƙarsa na duba nan matsalar take. Tsofaffin wuƙaƙen nan ruwansu siriri ne, an wasa shi tun daga gadon baya har baki, shi ya sa suke ratsa ɗanyen itace kamar sabulu.

Me ya sa ban ce ka sayi mai maɓalli ba

Dalilin farko shi ne wannan sirantar da na faɗa. Yawancin masu maɓallin da ke yawo a kasuwanninmu an yi su ne don ido, ruwa mai kauri, baƙin fenti, tsini kamar mashi, wasu har da haƙora a baya. Ka ɗauki ɗaya ka gwada fere lemo ko yanka albasa za ka ga tana tsaga ne kawai kamar gatari. An gina ta don ta soka, kai kuma aikinka yanka ne.

Na biyu, duk abin da aka cika masa kayan ciki to ya fi saurin lalacewa. Mai maɓalli tana da ƙaramin sifirin a naɗe, da maɓallin, da 'yan ƙananan sukurori, mu kuma ƙasarmu ƙura ce da yashi, hunturu ɗaya ya isa ya cika cikinta. An sha kawo min irinsu gyara, sifirin ya karye ko makullin ya cinye ruwan yana rawa, kuma ba kayan gyaransu, sai dai a yar. Ta kakanka kuwa ruwa ne da ƙota da ƙusa da sifirin guda a baya, in ta yi sako-sako ka ɗora ƙusar kan ƙarfe ka ɗan bubbuga da guduma ta matse, in ƙotar ta fashe kowane maƙeri ko masassaƙi zai yi maka wata. Shaida ma ga ta a hannunka, mai ita ya rasu ita tana nan.

Na uku, mai arha tana iya buɗewa da kanta a aljihu, ka zauna kan babur maɓallin ya dannu, tsini a cinya. Wadda sai an sa farce an jawo ba ta yin haka in sifirinta na da ƙarfi.

Na huɗu kuma shi ne babba a wurina. Abin da abokanka ke gani a matsayin aibi, wato jinkirin buɗewa, ni shi nake gani a matsayin alherinta. Kafin ka ciro ta, ka sa hannu biyu, ka laluba ramin farce, ka jawo, an ɗauki wasu daƙiƙoƙi, kuma mai aiki ba abin da waɗannan daƙiƙoƙin za su rage masa, igiya ba ta gudu. Wanda ke buƙatar wuƙa ta fito cikin ƙiftawar ido mai fushi ne. Sannan mutanen da ke kusa da kai ma suna ganin bambancin, dattijo ya ciro wuƙa mai ƙotar itace ya buɗe a hankali ya yanka goro ba wanda zai ɗaga kai, amma saurayi ya danna abu ya yi fat a cikin mota kowa sai ya matsa.

Ban ce ba ta da nakasu ba. In hannunka ɗaya na riƙe da wani abu, misali kana kan itace ko ka danne dabba, buɗe ta da wahala, dole ka saba buɗewa tun kafin ka kama aikin. Mara makulli kuma tana iya rufowa kan yatsu in ka soka ta da ƙarfi ko ka murɗa, don haka ba a huda abu mai tauri da ita, ba a ɓanɓare murfin fenti, ba a kwance sukuru da tsininta, ba a dukan bayanta da guduma don faskare. Aikin adda da gatari a bar wa adda da gatari.

Maganar kare kai da hukuma

Nan ina so ka saurare ni kamar yayanka. Masu ƙwacen waya ba sa zuwa su kaɗai kuma ba sa sallama, kafin ka ankara makami na jikinka, su sun riga sun shirya kai kuma ba ka shirya ba. In ka kai hannu aljihu ka ciro wuƙa ka mayar da ƙwace ya zama faɗan makami, kuma ɗayan biyu ne, ko su illata ka, ko kai ka illata wani ka ƙare a kotu da gidan yari karatunka ya tsaya. Waya ana sayen wata. Akwai kuma abin da ya fi wannan yawan faruwa, wato gardamar ƙwallo ko ta budurwa ko ta kuɗin mota, wadda da hannu za a yi a rabu, amma saboda akwai ƙarfe a aljihu sai a wayi gari ana zaman makoki gida biyu. Duk wanda ya san zuciyarsa na saurin hawa to kar ya ɗauki wuƙa ko wace iri ce, wannan shawarar nake ba 'ya'yan cikina.

Addini ma ya yi mana tarbiyya a kan wannan. Manzon Allah (SAW) ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, ya kuma umarci wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu don kar ya ji wa wani rauni. To ka ga wuƙa mai ninkewa ta dace da wannan ladabin, a rufe take sai lokacin aiki. In za ka miƙa wa wani ka rufe ta tukun, ba a wasa da ita, ba a nuna mutum da ita ko da raha ne.

Game da 'yan sanda, ni fannina ƙarfe da itace ne, fassarar doka ta lauyoyi ce, in kana son hukunci daki-daki na jiharku su za ka tambaya. Amma abin da kowa ke gani shi ne, saboda matsalar daba a Kano da sara-suka a Bauchi da kalare a Gombe, jami'an tsaro ba sa wasa da saurayin da aka samu da wuƙa a cikin gari, musamman da dare ko a taro. Dokar tarurruka ta Najeriya ma ta hana zuwa taro ko jerin gwano da makami. Don haka ni ga yadda nake yi kuma haka nake so ka yi: wuƙar tana tafiya ne tare da aikinta. Ranar gona tana cikin jakar kayan gona tare da igiya da sauran tarkace, in an tsayar da kai aka tambaya ka faɗa tun kafin a lalubo, ka ce ta aikin gona ce ga inda za ni. Makaranta, gidan kallon ƙwallo, taron siyasa, hawan sallah, biki, banki, kotu, yawon dare, duk a bar ta gida. Kai ɗalibi ne, ranar Litinin zuwa Juma'a ba abin da za ta yi maka a aji, ka ajiye ta a ƙauye ma in ya yiwu.

Ko a ƙasashen waje za ka ga dokokinsu sun bambanta irin ta kakanka da ta abokanka. A Ingila dokar 1988 ta yarda mutum ya riƙe wuƙar aljihu mai ninkewa ba sai ya kawo dalili ba matuƙar kaifinta bai wuce inci 3 ba, wato santimita 7.6, kuma ba ta kullewa, ita kuwa mai maɓalli tun 1959 suka hana sayar da ita. Amurka ta yi tata dokar a kan masu maɓalli a 1958. Jirgin sama kuwa tun bayan harin 11 ga Satumba 2001 aka tsaurara, in za ka yi tafiya ko aikin Hajji ne ka sa ta cikin babbar jakar da ake aunawa, in ta kwana a aljihu to a filin jirgi za ka rabu da gadon kakanka.

Wasu abubuwa biyu na lafiya da ba na so in wuce ban faɗa ba. Kar ka yi aski ko yankan farce ko tsaga da ita, kar kuma ka ba wani ya yi, don ciwon hanta da ƙanjamau suna bin jini a kan ƙarfe. Kuma in maciji ya sari wani a gona kar a ce ga mai wuƙa a zo a tsaga wurin, tsagawar ba ta fitar da dafi sai ƙara ɓarna da zubar jini, a kwantar da mutum a hana gaɓar motsi a yi asibiti da shi. In kai ka yanke da ita rauni ya yi zurfi ka wanke da ruwa da sabulu ka je a duba ko kana buƙatar allurar tetanus.

Yadda za ka tayar da ita

Tsohuwar Okapi ƙarfenta mai kabon ne, irin wanda ke tsatsa amma yake ɗaukar kaifi da sauri a kan kowane dutse. Wanda ba ya tsatsa, irin na cokali da kwanon silba, an zuba masa sinadarin kuromiyam ne aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, yana da daɗin riƙo ga mai yawan yanka kayan marmari da mai mantuwa, amma ni a aikin aure na fi son mai kabon. In ka yanka lemo ko albasa da shi za ka ga ya yi duhu-duhu, kar ka damu ka ce sai ka goge, wannan duhun yana ma ɗan kare shi, jar tsatsa mai cin ƙarfe ita ce abokiyar gaba.

Ka fara ɗiga mata man keken ɗinki a mahaɗar ka bar ta ta kwana, washegari ka riƙa buɗewa da rufewa a hankali, baƙin datti zai yi ta fitowa kana gogewa da tsumma, ka sa tsinke ka sakace cikin ƙotar. Tsatsar jikin ruwan ka bi ta da sanfefa mai laushi da ɗan mai, kar ka kai ta wurin mai injin wasa wuƙa na kasuwa, injin nan yana cin ƙarfe da yawa kuma in ya yi zafi bakin ya canza launi to ya kashe taurin ƙarfen, ba za ta ƙara riƙe kaifi ba. Dutsen washi da ruwa ya ishe ka. Ka tsayar da ruwan a miƙe kan dutsen, ka kwantar da shi rabi, ka sake kwantar da rabin wannan, to wajen nan ne, kusan digiri 20, ka riƙa turawa kamar za ka yanko ɓawon dutsen, kar hannunka ya riƙa hawa da sauka. Ka yi ta yin gefe ɗaya har sai ka shafa ɗaya gefen ka ji wani ɗan leɓe na ƙarfe ya taso tun daga gindi har tsini, sannan ka juya ka yi ɗayan, daga ƙarshe ka goga ta a kan fata ko tsohon bel kana ja da baya leɓen ya fita. In kana wurin da ba dutse, gindin kofin tangaran inda ba a shafa masa ƙyalli ba yana yin aikin. Gwajinta takarda ce, in ta ratsa ba tare da ta yaga ba ta yi.

Bayan nan duk lokacin da ka yi aiki ka goge ta ta bushe kafin ka ninke, in da abinci za ka riƙa yanka da ita ka shafa wa ruwan ɗan man gyaɗa kaɗan maimakon man inji, baƙin mai kuwa kar ya kusance ta. Da damina ƙotar itace tana kumbura ta matse ruwan, ka ajiye ta wuri mai iska ta sha, kar ka bar ta cikin jiƙaƙƙen wando. Sai ka gwada sifirin ko zoben, ka buɗe ta ka ɗan danna bayan ruwan da tafin hannu yatsunka na gefe, in ta rufo da sauƙi ko ruwan na rawa hagu da dama ka kai wa maƙeri ya matse ƙusar kafin ka fara shiga gona da ita.